Aikin basir: allurar da ke tare zafi tun daga jijiya

Akwai ciwon da mutum yakan faɗa a tsakiyar kasuwa, akwai kuma wanda ko matarsa sai ta matsa masa kafin ta ji. Basir, wanda waɗansu ke kira ɗan kanoma, yana cikin kashi na biyu. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a kanti, da ma'aikacin da ke wuni bisa kujerar biro, da direban kamyon da ke ɗaukar hanyar Damagaram zuwa Agadas, da macen da ta haihu sau biyar ko shida, duk sun san shi, amma ba kasafai suke zancensa ba. Idan abin ya tsananta har likita ya ce sai an yi aiki, da yawa sukan karɓi takarda su koma gida, ba a sake ganinsu sai bayan shekara guda ko biyu, jini ya ƙare, fuska ta yi fari.

In ka tambaye su dalili, ba mutuwa suke tsoro ba, ba kuma kuɗi kaɗai ba ne. Zafin bayan aiki suke gudu. Kowa ya ji labarin wani da aka yi wa, wanda ya ce fitarsa ta fari bayan gida kamar ana ratsa shi da fasasshiyar kwalba. Wannan labari ba ƙarya ba ne, likitoci da kansu sun amince aikin basir yana cikin ƙananan ayyukan fiɗa da suka fi raɗaɗi. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, hanyar yaƙar wannan zafi ta sauya sosai. A da, dogaron likita yana kan morfin da danginsa. A yau akwai allurar da ake yi daidai kan jijiyar da ke kai saƙon zafi, a tare saƙon tun bai tashi ba. A ƙasa irin tamu, inda tramol ya riga ya yi wa samari ɓarna, wannan zance ya shafi kowa.

Me ya sa wurin ke da zafi haka?

Ƙarshen hanji, wato mashigar dubura, tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. A tsakiyarsa akwai wani layi mai kama da haƙoran zarto da ya raba shi biyu. Daga layin zuwa sama, fatar ciki ce irin ta hanji, wadda ba ta jin yanka ko tsini. Daga layin zuwa ƙasa kuwa, fata ce mai laushi cike da jijiyoyin ji, tana jin taɓawa da zafi da sanyi kamar leɓe ko kan yatsa. Wannan shi ya sa basir na ciki yakan yi shekaru yana zubar da jini ba tare da ciwo ba, shi ya sa kuma likita ke iya ɗaure ƙaramin basir da zoben roba, majinyaci ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. Amma idan basir ya girma ya zazzago waje, ba makawa wuƙa ta taɓa fatar ƙasa, to nan zafi yake.

Sai kuma abu na biyu. Dubura tana da zoben nama guda biyu da ke rufe ta. Na waje mutum ne ke sarrafa shi, shi ne wanda kake matsewa idan kana riƙe bayan gida. Na ciki kuwa aikin kansa yake yi. Idan aka yi rauni a wurin, wannan zobe na ciki sai ya ɗaure tamau ya ƙi saki, ya matse raunin, ya rage jinin da ke zuwa masa. Zafi yana sa zoben ɗaurewa, ɗaurewar tana ƙara zafi.

Abu na uku, rauni ne da ba ya samun hutu. Wanda ya karye a hannu sai a ɗaure hannun a rataye. Wannan wuri kuwa dole bayan gida ya bi ta kansa kullum. A hanyar da likitoci biyu, Milligan da Morgan, suka bayyana a asibitin Sen Mark na Landan a 1937, wadda har yau ita aka fi bi a ƙasashe da yawa, ana cire basir a bar raunin a buɗe ya cika da kansa, abin da ke ɗaukar mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. A hanyar Ferguson ta Amurka, ta 1959, ana ɗinke raunin, amma zafin kwanakin farko yana nan. Haka abin yake ga sauran ayyukan wurin: tsagewar dubura, da marurun gefen dubura, da ramin da ke hudowa daga ciki zuwa waje yana yoyon mugunya.

Masu karatun tarihin Faransa za su tuna cewa irin wannan rami ne ya kama Sarki Luwi na 14, har likitan fiɗa Charles-François Félix ya yi masa aiki a 1686, a zamanin da babu maganin sa barci ko na kashe zafi. Sarki ya sha wuƙa da idonsa biyu, ya kuma warke. Daga wancan zamani zuwa yau an yi tafiya mai nisa.

Morfin da danginsa: amfani da illa

Tun da wani mai haɗa magani Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya tace morfin daga ofiyom a farkon ƙarni na 19, shi da danginsa suka zama ginshiƙin maganin matsanancin ciwo. Danginsa suna da yawa: kodin, fetidin, oksikodon, fentanil, da tramadol. Dukansu aiki ɗaya suke yi, suna shiga laka da ƙwaƙwalwa su rage ƙarfin saƙon zafi. Ga mai ciwon daji da ya yi nisa, ko wanda mota ta kakkarya, rahama ne da babu mai musu.

Amma ga wanda aka yi wa aikin dubura, waɗannan magunguna suna da wani aibi na musamman: suna ɗaure ciki. Suna rage motsin hanji, bayan gida ya daɗe a ciki, ya bushe, ya yi tauri. Ke nan maganin da aka ba mutum don ya rage masa zafi yau, shi ne ke shirya masa azabar jibi, ranar da busasshen bayan gida zai bi ta kan ɗanyen rauni. Mutum ya ji zafin, sai ya ƙara ƙwaya, ƙwaya ta ƙara ɗaure ciki. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Ban da wannan, suna kawo tashin zuciya da amai da jiri, suna kuma taimaka wa riƙewar fitsari, wadda dama ita ce matsalar da aka fi gani a daren farko bayan aikin basir, musamman ga maza masu shekaru. Idan aka wuce ƙima, suna danne numfashi har mutum ya mutu cikin barci. Sai kuma babbar illa, wato sabo.

Amurka ta ga ƙarshen wannan hanya. Daga 1996, lokacin da kamfanin Purdue Pharma ya fito da ƙwayar OxyContin, likitocin ƙasar suka shiga rubuta irin waɗannan magunguna hannu sake, har bayan ƙananan ayyuka. Mutane da yawa sun fara da takardar likita, suka ƙare a hannun dillalan ƙwaya. A 2017 gwamnatin ƙasar ta ayyana abin a matsayin annoba mai bukatar matakin gaggawa, a 2021 kaɗai fiye da mutum 80,000 suka mutu ta dalilin dangin ofiyom. Wannan masifa tana cikin abubuwan da suka tura likitocin fiɗa da na sa barci neman hanyar sallamar majinyaci gida ba tare da cika masa aljihu da ƙwaya ba.

Namu halin ya sha bamban, kuma fuska biyu gare shi. A fuska ɗaya, morfin na gaskiya yana ƙaranci a asibitocin ƙasashe matalauta. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya nuna a rahotonsa na 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun fiye da kashi 1 cikin 100 na morfin da danginsa da ake rarrabawa don jinya. A ɗaya fuskar, tramol ya cika tasha da kasuwa. Tramadol magani ne da kamfanin Grünenthal na Jamus ya fito da shi a 1977, ƙwayarsa ta asibiti miligiram 50 ce ko 100, likita kuma ba ya wuce miligiram 400 a yini. Wanda ke shigowa ta ɓarauniyar hanya kuwa, ƙwaya ɗaya takan kai miligiram 200, 225 ko 250. Ƴan kabu-kabu da ƴan dako da masu haƙar zinariya suna sha don su jure wahala, sakamakon kuwa kowa ya gani: farfaɗiya, haɗarin hanya, da samarin da ba sa iya tashi aiki sai sun haɗiya. A maƙwabciyarmu Najeriya, a 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda irin wannan ɓarna.

Haɗarin da ke gaban majinyacinmu ke nan. An sallame shi daga asibiti, zafi ya taso da dare, farmasi ta rufe ko kuɗi sun ƙare, ga mai tallan magani a bakin titi. Ta wannan ƙofa magidanci mai mutunci, wanda bai taɓa tunanin shan ƙwaya ba, zai iya shiga.

Jijiyar kunya

Jijiyar da ke ɗauke da yawancin saƙon zafi daga dubura tana da suna mai ban sha'awa. Tsofaffin littattafan likitanci na Faransanci suna kiranta nerf honteux, wato jijiyar kunya, daga baya aka koma kiranta pudendal, wanda shi ma daga kalmar Latin ta kunya ya samo asali. Guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace tana fitowa daga ƙashin gindin baya, daga saiwa ta 2 da ta 3 da ta 4, ta kewaya wani ɗan tsinin ƙashi a cikin ƙugu, ta bi ta wani lungu da ake kira da sunan Benjamin Alcock, masanin halittar jiki ɗan ƙasar Ailan da ya bayyana shi a 1836. Daga nan ta rabu uku: reshe ɗaya zuwa dubura da zobenta na waje, ɗaya zuwa tsakanin dubura da al'aura, ɗaya zuwa al'aura.

Jijiyar ji kamar wayar tarho take. Rauni yana wuri ɗaya, amma sai saƙo ya bi waya ya isa ƙwaƙwalwa kafin mutum ya ce wayyo. Morfin yana aiki a can inda ake karɓar saƙo, don haka yake taɓa jiki duka, da hanji da numfashi da hankali. Allurar jijiya kuwa tsinke wayar take yi na ɗan lokaci a wuri ɗaya. Maganin yana toshe ƴan ƙofofin da gishirin sodiyom ke bi ya shiga jijiya, in kuwa bai shiga ba, saƙo ba ya tafiya. Hankalin mutum garau, hanjinsa yana aiki, wurin aikin kaɗai ne ya yi shiru.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1884 Carl Koller ya nuna a Biyana cewa hodar koken tana kashe jin ido, ba da jimawa ba William Halsted ya fara yi wa jijiyoyi allura da ita a Niyok. A 1898 August Bier ya yi allurar baya ta farko a Jamus, wadda matanmu suka sani a wurin aikin haihuwa. Lidokayin, wanda likitan haƙori ke amfani da shi, an haɗa shi a Suwidin a 1943, sai dai ƙarfinsa ba ya wuce awa ɗaya ko biyu. Bufibakayin, wanda aka haɗa a 1957, shi ne ya buɗe ƙofa, domin yana daɗewa. Bayansa rofibakayin ya shigo a 1996. Su kuwa likitocin haihuwa, tun farkon ƙarni na 20 suke yi wa jijiyar kunya allura don sauƙaƙa wa mace fitowar kan jariri da ɗinkin bayan haihuwa. Abin da ya zo daga baya shi ne ɗaukar wannan tsohuwar dabara a kai ta ga aikin basir.

Yadda ake yin ta

Yawanci ana yin allurar a ɗakin fiɗa, bayan an riga an sa majinyaci barci ko an yi masa allurar baya, saboda haka ba ya jin shigarta. Likita yakan lalubo ƙashin da mutum ke zama a kansa, ya soka doguwar siririyar allura ta gefensa na ciki, ya nufi inda jijiyar ke wucewa. Hanyoyin gano wurin uku ne. Ta farko, da yatsa da sanin ƙashi, ba ta bukatar wata na'ura. Ta biyu, da ƙaramar na'ura mai tura ɗan lantarki ta bakin allura: idan allura ta kusanci jijiya sai a ga dubura tana motsawa, alamar an isa. Ta uku, da na'urar ekogarafi, irin wadda ake duba mai ciki da ita, likita yana kallon allurar da jijiyar jinin da ke kusa. Kafin ya tura magani sai ya ja baya ya tabbata jini bai biyo ba, sa'an nan ya zuba, ya koma ɗaya gefen ya yi haka. Duka aikin mintoci kaɗan ne.

Akwai kuma wata hanya mafi sauƙi, inda likitan fiɗa da kansa yake zagaye dubura da allurar kashe zafi, ya tare ƙananan rassan jijiyar a kusa da inda suka ƙare. A waɗansu ƙasashe, da wannan kaɗai, tare da ɗan maganin kwantar da hankali, ake yin aikin gaba ɗaya, majinyaci ya kwana a gidansa.

An gwada wannan dabara an auna. Likita Zoher Naja da abokan aikinsa a Bairut sun wallafa a 2005 cewa waɗanda aka yi wa allurar jijiyar kunya sun fi samun sauƙin zafi, sun fi ƙarancin bukatar ƙarin magani, sun kuma fi saurin komawa harkokinsu. A Barazil, Luiz Imbelloni da nasa abokan aikin sun nuna a 2007 cewa da bufibakayin sauƙin yakan kai kusan kwana guda. Wani rukunin likitocin fiɗa da na sa barci mai suna PROSPECT, wanda aikinsa shi ne tace binciken da aka yi a kan zafin kowane irin aiki, ya sanya wannan allura cikin shawarwarinsa na aikin basir a 2017, ya sake tabbatar da ita a 2023, ya kuma ce a ajiye dangin morfin sai in sauran sun kasa.

A Amurka, tun 2011 an amince da wani bufibakayin da aka naɗe cikin ƴan ƙwayoyin kitse don ya riƙa fita a hankali har kwana biyu ko uku, aikin basir ma yana cikin ayyukan da aka gwada shi a kai. Tsadarsa ta sa ya fi ƙarfin yawancin asibitocin duniya. Abin da ya shafe mu shi ne, lidokayin da bufibakayin na yau da kullum suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma bufibakayin ba baƙo ba ne ga masu sa barci a asibitocinmu, tunda da wani nau'insa ake allurar baya. Abin da dabarar ta fi bukata shi ne hannun da ya koya.

Iyakarta da haɗarinta

Kada mai karatu ya ɗauka an samu maganin ƙarshe. Allurar tana ɗaukar daren farko da wani ɓangare na kwana na biyu, wanda shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani kuma aka fi bukatar morfin. Bayan nan sai ta sake. Wanda ya ga ba ya jin komai ya ajiye magungunansa, zafi zai faɗo masa gaba ɗaya, sau da yawa da tsakar dare. Saboda haka ake fara shan maganin baki tun allurar ba ta sake ba, a kuma riƙa sha bisa agogo, ba sai ciwo ya taso ba.

Haka kuma, jijiyar kunya ba ita ke sarrafa zoben nan na ciki ba, don haka allurar ba ta hana shi ɗaurewa. Wannan sai da man shafawa na musamman da zama cikin ruwan ɗumi.

Tunda jijiyar tana kai reshe har al'aura, majinyaci zai iya jin gabansa ya yi nauyi ko ya mutu na waɗansu awoyi, wani kuma ya kasa riƙe iska. Maza da yawa sukan firgita a nan, gara a faɗa musu tun da wuri: abin yana wucewa da zarar magani ya sake, ba ya taɓa mazakuta. Wani lokaci allurar ba ta kama gefe ɗaya ba, wani lokaci jini yakan taru a inda aka soka, ko wurin ya kamu da ƙwayar cuta, amma waɗannan ba su da yawa. Haɗari mafi girma shi ne maganin ya shiga jijiyar jini, ko a wuce ƙimar da ta dace da nauyin mutum. Bufibakayin a cikin jini yana iya kawo farfaɗiya ya kuma tsayar da zuciya. Don haka wannan aiki na ɗakin fiɗa ne, inda akwai iskar oksijen da kayan farfaɗo da mutum. Ba aikin ɗakin shan magani na unguwa ba ne, balle mai yawo da allura a jaka.

Igiya ɗaya ba ta ɗaure kaya

Tsarin da likitoci ke bi a yau shi ne haɗa magunguna da yawa, kowane ya kama zafin ta nasa gefe, don kada a dogara ga mai ƙarfi guda ɗaya. Allurar jijiya ita ce ginshiƙi a ranar aiki. A kanta ake ɗora farasitamol, wanda babba ba ya wuce giram 4 a yini, mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka. Sai maganin kumburi irin su ibufurofen ko diklofenak, in dai mutum ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, mace kuma ba ta da ciki. A lokacin zafin bazara, mai shan waɗannan dole ya yawaita ruwa don kare ƙodarsa. Akan yi allurar deksametazon sau ɗaya a lokacin aiki, tana rage kumburi da amai. Akwai man shafawa masu sassauta zoben ciki, irin su diltiyazem da nitrogiliserin, ko da yake na biyun yakan sa ciwon kai. Waɗansu likitoci suna ƙara metronidazol, wanda jama'a suka sani da sunan Flagyl.

Sai maganin laushin ciki, wanda ya kamata a fara shi tun kafin ranar aiki. Majinyata da yawa suna yin kuskure a nan: sukan ƙi cin abinci don tsoron bayan gida. Wannan yana ƙara busar da ciki ne kawai. Abin da ake so shi ne bayan gida mai laushi ya fita a kwana na biyu ko na uku ba tare da nishi ba. Abincinmu yana da abin da ake bukata: miyar kuka da ta kuɓewa, zogale, rama, yakuwa, wake, dabino, gwanda, mangwaro, da gero ko dawar da ba a surfe ta ƙwarai ba. A rage barkono na ɗan lokaci, a sha ruwa da yawa. Zama cikin roba mai ruwan ɗumi mai tsabta, minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini da kuma bayan kowane bayan gida, yana sassauta wurin. Tsarki da ruwa, wanda dama al'adarmu ce, ya fi takarda alheri ga rauni.

Idan duk da wannan zafi ya fi ƙarfi, likita yana iya ba da tramadol ko morfin na kwanaki kaɗan, bisa takarda, daga farmasi. Ba laifi ba ne, ba abin kunya ba ne. Manufar ba a bar mutum cikin azaba ba ce, manufar ita ce ƙwaya mai ƙarfi ta zama ta ƙarshe, kaɗan, kuma ta ɗan lokaci. Abin da ya rage bayan an warke a mayar wa farmasi, kada a bar shi a ɗaki inda yara da samari ke shiga.

Abin da ya rage ga majinyaci

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda ya riga ya saba da tramol, ko maganin tari mai kodin, ko wata ƙwaya, ya faɗa wa mai sa barci gaskiya kafin aiki. Jikin da ya saba ba ya jin ƙimar da ake ba sauran mutane, tsayar da ƙwayar farat ɗaya kuma yana kawo zufa da rawar jiki da gudawa. Irin wannan mutum shi ya fi kowa cin ribar allurar jijiya, domin ita sabo da ƙwaya ba ya hana ta aiki. Haka nan mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon sukari, da mai shan jiƙo ko garin gargajiya, duk su faɗa.

Majinyaci yana da damar tambaya. Ko a Yamai ne, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya tambayi likitan fiɗa da mai sa barci: wane irin barci za a sa ni? Za a yi mini allurar kashe zafi a wurin aikin kafin in fito? Me zan sha idan ta sake, kuma da ƙarfe nawa? Wane maganin laushin ciki zan fara, yaushe? Matambayi ba ya ɓata, yawan tambayar majinyata kuma yana cikin abin da ke sa asibiti ya mai da hankali ga abu. Su kuma hukumomin kiwon lafiya da makarantun da ke horar da likitoci da masu sa barci, koyar da wannan dabara ba ya cin kuɗin gina asibiti, amfaninsa kuwa yana bin majinyaci har gida.

Ɗan kasuwa ya shirya wanda zai riƙe masa kanti, ma'aikaci ya nemi hutu, domin mako 2 zuwa 3 ne mafi yawa ke yi kafin su koma aiki sosai. Doguwar tafiya bisa babur ko cikin mota a jinkirta ta. A koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi ya taso, ko zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko jini ya ɓalle da yawa, abin da yakan faru a wajen mako na biyu lokacin da ƙullin ɗinki ke saki.

A ƙarshe, a tuna ba kowane basir ne ke bukatar wuƙa ba. Mafi yawa suna lafawa da gyaran abinci, da barin nishi da daɗewa a makewayi, ko da zoben roba. Kuma ba kowane jini daga dubura ne basir ba. Ciwon daji na ƙarshen hanji yakan fara da alama iri ɗaya, mutumin da ya wuce shekara 40, ko yake ramewa, ko ya ga yanayin bayan gidansa ya sauya, bai kamata ya yi wata da watanni yana shan jiƙon masu lasifika a kasuwa ba tare da likita ya duba shi ba. Tsoron zafin aiki ya daɗe yana tsare mutane a gida har ciwo ya ci ƙarfinsu. Zafin yana nan, amma yanzu akwai abin tare shi, kuma ba a teburin mai tallan ƙwaya yake ba.